Likitan Sauƙaƙa Jinya: Aikinsa, Horonsa da Matsayinsa a Al'ummar Hausawa

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa, idan ciwo ya daɗe, aka kai mara lafiya babban asibiti, aka yi gwaje-gwaje, sannan aka ce wa danginsa su mayar da shi gida, kowa ya san abin da ake nufi. Akan ji ana cewa "asibiti sun sallame shi", ko kuwa "sai dai addu'a". A tunanin mutane da yawa, daga wannan rana aikin likita ya ƙare. Sai dai kuma ciwon bai ƙare ba. Mara lafiyar zai iya yin makonni ko watanni yana fama da raɗaɗi da amai da ƙuncin numfashi da rashin barci, iyalinsa kuwa suna kallo, ba su da abin yi sai sannu.

Akwai wani fanni na likitanci da aka keɓe domin wannan lokaci. A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana ma'anar fannin da taƙaitaccen tarihinsa, da hanyar da ɗalibi zai bi ya zama likita a cikinsa, da ayyukan likitan, da matsalolin da yake fuskanta. Za a ɗauki garin Rara na ƙaramar hukumar Rabah, da maƙwabtansa na Wurno da Goronyo a gabashin jihar Sakkwato, a matsayin misali. Za a ga cewa harshe yana cikin manyan kayan aikin wannan likita, abin da ya sa batun ya shafi malamin Hausa kai tsaye.

2.0 Ma'anar Sauƙaƙa Jinya

Sauƙaƙa jinya shi ne kulawar da ake yi wa mutumin da ke fama da ciwo mai barazana ga rayuwa, tare da iyalinsa, domin a rage masa wahalar jiki da ta zuciya, ya rayu cikin mutunci gwargwadon kwanakin da Allah ya ƙaddara masa. Cututtukan da suka fi shigowa ƙarƙashin wannan kulawa sun haɗa da ciwon daji, wato sankara, da ciwon ƙoda da na hanta da na zuciya idan sun yi nisa, da ƙanjamau, da shanyewar ɓarin jiki, da amosanin jini, da larurorin tsufa.

Kalmar da Turawa suke kiran fannin da ita ta samo asali ne daga wata kalmar Latin mai nufin mayafi ko alkyabba. Wato ke nan, ciwon da aka kasa cirewa, ana lulluɓe mai shi daga zafinsa. Haka kuma, gidan da ake keɓewa domin masu jinyar ƙarshe, wanda suke kira hosfis, sunansa ya fito daga kalmar da ke nufin baƙo ko mai masauki, domin asalinsa zangon matafiya ne. A wannan babi za a kira shi gidan jinya.

Idan aka dubi Hausa, za a tarar kalmar "jinya" tana ɗauke da wata hikima. Idan aka ce "Malam yana jinya", ana nufin shi ne ba shi da lafiya. Idan kuwa aka ce "tana jinyar mijinta", ana nufin ita ce mai kula da shi. Haka ma kalmar "majinyaci", akan kira mara lafiya da ita, akan kuma kira mai zama da shi. Harshen ya haɗa mutum biyu a kalma ɗaya, domin wahalar ta haɗa su. Wannan shi ne ainihin ginshiƙin fannin: mai ciwo da mai jinyarsa duk suna ƙarƙashin kulawar likita.

Wajibi ne a lura da abubuwa biyu. Na farko, sauƙaƙa jinya ba ya gaggauta mutuwa, ba ya kuma jan gargara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace haka a bayanin da ta yi wa fannin a 2002. Na biyu, ba sai an fid da rai ake fara shi ba. Ana iya haɗa shi da maganin warkarwa tun ranar da aka gano ciwon. Wani bincike da aka yi a birnin Boston na Amurka, aka buga a 2010, ya bi diddigin mutum 151 masu sankarar huhu da ta yaɗu. Waɗanda aka fara yi wa wannan kulawa da wuri sun fi samun kwanciyar hankali, kuma matsakaicin abin da suka rayu ya kai wata 11.6, alhali sauran sun yi wata 8.9.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

3.1 A Duniya

Ana danganta kafuwar fannin a zamanance ga wata Baturiyar Ingila mai suna Cicely Saunders, wadda aka haifa a 1918. Ta fara aiki a matsayin nas, amma ciwon baya ya raba ta da aikin, ta koma jami'ar walwalar marasa lafiya. A nan ne ta ga yadda ake yasar da waɗanda ciwonsu ya gagara. Da ta fahimci cewa likitoci ba za su saurari wanda ba likita ba, sai ta shiga makarantar likitanci tana da shekara 33, ta kammala a 1957. A 1967 ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan, inda aka haɗa jinya da koyarwa da bincike. A cikinsa ta rasu a 2005.

Saunders ta bar wa fannin darussa biyu. Na ɗaya, a ba da maganin raɗaɗi a kan lokaci, kada a jira sai mara lafiya ya yi kururuwa. Na biyu, raɗaɗi ba a jiki kaɗai yake ba. Tsoro da damuwar iyali da talauci da tunanin makoma duk suna ƙara masa ƙarfi, don haka dole a dube su gaba ɗaya.

A 1975 wani likitan tiyata, Balfour Mount, ya buɗe sashen wannan kulawa a cikin wani babban asibiti a birnin Montreal na Kanada, shi ne kuma ya raɗa wa fannin sunan da aka san shi da shi. Birtaniya ta amince da shi a matsayin fannin ƙwarewa mai zaman kansa a 1987, Amurka ta bi baya a 2006. A 2014 Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri da ya nemi ƙasashe su shigar da shi cikin tsarin lafiyarsu, musamman a matakin farko.

3.2 A Afirka da Nijeriya

Gidan jinya na farko a Afirka ta kudu da Sahara an kafa shi a 1979 a birnin da yanzu ake kira Harare, a Zimbabuwe. Amma wadda ta fi yin tasiri a nahiyar ita ce Dokta Anne Merriman, haifaffiyar Liverpool a 1935. Ta yi kimanin shekara goma tana aikin likita a kudu maso gabashin Nijeriya, daga baya ta yi aiki a Singafo da Kenya, sannan ta kafa cibiyar Hospice Africa a Kampala ta Yuganda a 1993. Ta shigo da hanya mai araha ta haɗa mofin na sha daga garinsa da ruwa da sinadarin hana lalacewa, ta kuma dogara da ziyartar marasa lafiya a gidajensu maimakon tara su a gini. A 2004 Yuganda ta ba nas-nas da jami'an lafiya da suka sami horo na musamman izinin rubuta mofin, domin likitoci ba su isa ƙauyuka ba. Merriman ta rasu a Kampala a 2025.

A Nijeriya, Farfesa Olaitan Soyannwo, ƙwararriya a fannin sa barci da kashe zafi lokacin tiyata a Asibitin Koyarwa na Ibadan, tana cikin waɗanda suka share fage. Ita da abokan aikinta sun kafa cibiyar sauƙaƙa jinya a Ibadan a 2003, asibitin kuma ya buɗe sashe na musamman a 2007. A wannan shekara ta 2007 aka ƙaddamar da ƙungiyar ma'aikatan fannin ta ƙasa. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Abeokuta ita ma ta yi suna a wannan aiki. Daga 2012 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta shigo da garin mofin da tallafin ƙungiyar yaƙi da sankara ta Amurka, daga baya aka riƙa haɗa na sha a masana'antar magunguna ta gwamnati da ke Yaba, Legas. A 2021 gwamnatin tarayya ta fitar da manufar ƙasa a kan fannin.

3.3 Tushensa a Ƙasar Hausa

Kula da mara lafiya ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Dubiya da zaman jinya da kai kunu ko fura ga maƙwabci mai ciwo tsofaffin al'adu ne da addini ya ƙarfafa. Ilimin magani ma yana da tarihi a wannan yanki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837 aka kuma binne shi a can, ya yi rubuce-rubuce da dama a kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Lokacin da Bature Clapperton ya ziyarce shi a 1824, yana cikin abubuwan da suka tattauna a aiko da likita ya zauna a Sakkwato. Abin da fannin zamani ya ƙara a kan jinyar gargajiya shi ne magani mai ƙarfi da ilimin auna shi.

4.0 Hanyar Zama Likitan Sauƙaƙa Jinya

Babu wanda ke shiga wannan fanni sai ya fara zama cikakken likita. Matakan su ne kamar haka:

(a) Sakandare: ɗalibi ya sami sakamako mai kyau a Turanci da lissafi da fisiks da kemistare da bayoloji a jarrabawar WAEC ko NECO, ya kuma ci jarrabawar JAMB da maki mai yawa.

(b) Jami'a: shekara shida a kwalejin koyon likitanci, kamar ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ko ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko ta Jami'ar Bayero da ke Kano.

(c) Sanin makamar aiki: shekara ɗaya a asibitin da aka amince da shi, a ƙarƙashin manyan likitoci, kafin hukumar da ke kula da likitoci ta ƙasa ta yi masa cikakkiyar rajista.

(d) Bautar ƙasa: shekara ɗaya.

(e) Ƙwarewa: shekara huɗu zuwa shida a asibitin koyarwa, tare da jarrabawar kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Da yawa daga waɗanda suka fara aikin sauƙaƙa jinya a Nijeriya sun shigo ne ta fannin sa barci, ko likitancin iyali, ko fannin ciwon daji.

(f) Horo na musamman: kwasa-kwasan difloma da digiri a fannin, irin waɗanda ake yi a cibiyar Kampala da Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu da wasu jami'o'in Birtaniya.

Idan aka haɗa lissafi, za a ga tafiyar ta haura shekara goma sha biyu bayan sakandare. Bayan takardu, akwai halayen da aikin yake buƙata. Dole likitan ya kasance mai haƙurin sauraro, mai riƙon sirri, mai iya zama kusa da wanda ke mutuwa ba tare da ya firgita ko zuciyarsa ta ƙeƙashe ba. Sauran likitoci sukan auna nasararsu da yawan waɗanda suka warke. Shi kuwa wannan yakan auna tasa da tsohon da ya samu barci bayan mako uku yana nishi.

5.0 Ayyukan Likitan

5.1 Kashe Raɗaɗi da Sauran Larurori

A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin magance raɗaɗin sankara mai hawa uku, kamar tsani. A hawa na farko ana ba da magunguna masu sauƙi irin su farasitamol. Idan ba su isa ba, sai a hau na biyu, inda ake da kodin da tiramadol. Idan raɗaɗin ya yi tsanani, sai a hau na uku, wato mofin. Ƙa'idar ita ce a ba da maganin ta baki in zai yiwu, a kuma ba da shi bisa agogo. Mofin na ruwa akan sha shi duk bayan sa'a huɗu, domin kafin ƙarfin na farko ya ƙare, na biyu ya kama. Likita ne ke auna adadin da ya dace da kowane mutum, yana ƙarawa a hankali har raɗaɗin ya kwanta. Da yake mofin yana ɗaure ciki, akan haɗa shi da maganin sassauta bayan gida tun daga farko.

Mutane da yawa, har da wasu ma'aikatan lafiya, suna tsoron mofin. Wasu suna ganin zai mayar da mara lafiya ɗan ƙwaya, wasu suna ganin shi ne ke ƙarasa shi. Abin da aka tabbatar shi ne, idan ƙwararre ya auna shi daidai da raɗaɗin, mara lafiya yakan farfaɗo ya ci abinci, ya yi salla, ya yi hira da iyalinsa.

Baya ga raɗaɗi, likitan yana magance amai da shaƙuwa da kumburi da ƙuncin numfashi da gyambon kwanciya. Misali, gyambon sankara yakan yi warin da ke korar masu dubiya, har ya kai mai shi ga kaɗaici. Akan niƙa ƙwayar metronidazol, wadda aka fi sani da Flagyl, a barbaɗa a kan gyambon, warin ya ragu, mutane su dawo ɗakin.

5.2 Harshe a Matsayin Kayan Aiki

Babu na'urar da ke auna raɗaɗi. Sai abin da mai shi ya faɗa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A nan ne matsalar take. Idan aka tambayi Bahaushe "yaya jiki?", amsar ita ce "da sauƙi", ko da kuwa yana murƙususu. Wannan amsa gaisuwa ce da godiya ga Allah, ba rahoton ciwo ba ce. Ga kuma al'adar kunya da dauriya, wadda ke hana dattijo yin raki a gaban 'ya'yansa, ta hana mace ambaton ciwon mama ko na mahaifa a gaban namiji. Likitan da ya rubuta "da sauƙi" ya wuce gado na gaba, bai duba kowa ba. Ƙwararre yakan gama gaisuwa tukuna, sannan ya sake tambaya ta wata fuska: "Baba, jiya ka samu barci?" ko "Inna, kin iya yin salla a zaune?"

Hausa tana da kalmomi masu yawa na bayyana ciwo: zogi, raɗaɗi, suka, sara, murɗa, ƙuna, ƙaiƙayi. Kowace tana nuna wa likita wani abu. Ciwon da ke murɗa yakan nuna hanji. Wanda ake ji kamar ƙuna ko tsirar allura yakan nuna jijiya ce ta taɓu, irin wannan kuwa sau da yawa yana buƙatar wani magani daban bayan mofin. Likitan da bai san bambancin waɗannan kalmomi ba, ko tafintan da ya dunƙule su a kalma ɗaya, zai iya sa a ba da maganin da bai dace ba.

Aiki mafi nauyi shi ne faɗar labari mara daɗi. Bahaushe ba ya son ambaton mutuwa gatsau. Yakan sakaya, ya ce "jiki ya yi tsanani", ko "jiki ya ƙi", in ta faru kuma ya ce "rai ya yi halinsa" ko "ya riga mu gidan gaskiya". Sau da yawa ma dangi sukan roƙi likita ya ɓoye wa mara lafiya gaskiya, don kada ya karaya. Likitan yana tsakanin abubuwa biyu: kada ya yi ƙarya, kada kuma ya yi gatsali. Hanyar da ake koyarwa ita ce ya zauna a wuri keɓaɓɓe, ya fara jin abin da mara lafiyar ya riga ya fahimta, ya tambaye shi iyakar abin da yake son sani da wanda yake so ya kasance a wurin, sannan ya ba shi labarin kaɗan-kaɗan. Ba ya yanke wa kowa rana, domin ajali sanin Allah ne. Amma ba ya cewa za a warke alhali ya san ciwon ya yi nisa.

Amfanin faɗar gaskiya a fili yake. Wanda ya san halin da yake ciki zai iya yin wasiyya, ya faɗi bashin da ke kansa da wanda yake bi, ya nemi gafarar waɗanda suka saɓa, ya ga 'ya'yansa da ke nesa. Iyalin kuma ba za su sayar da gona da shanu suna yawon neman warakar da ba za ta samu ba, su bar marayu hannu rabbana.

5.3 Aiki da Iyali da Sauran Ma'aikata

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Likitan yana aiki tare da nas da mai harhaɗa magani da jami'in walwala da ma'aikacin lafiya na karkara da malamin addini, limami ko fasto, gwargwadon addinin mara lafiya. Yana koya wa masu jinya yadda ake juya mara lafiya duk bayan sa'o'i kaɗan don kada ya yi gyambo, da yadda ake jiƙa masa baki, da yadda ake auna magani. Yana kuma lura da mai jinyar kanta, wadda galibi mace ce, mata ko 'ya ko ƙanwa, da ta bar sana'arta ko makarantarta. Bayan rasuwa, tawagar takan je ta'aziyya, ta ci gaba da bibiyar iyalin na ɗan lokaci.

6.0 Misali daga Rara

A ƙaddara wata mata ce a Rara ta ji ƙullutu a mamanta. Kunya da rashin kuɗi sukan sa ta yi shiru, ta fara da maganin gida. Idan abin ya fashe, sai a kai ta asibitin garin, daga nan zuwa babban asibitin ƙaramar hukuma, daga nan zuwa Sakkwato, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yake da sashen masu ciwon daji. Kafin ta isa can, wataƙila ciwon ya riga ya yaɗu. Wannan ba labarin mace ɗaya ba ne, domin mafi yawan masu sankara a Nijeriya sai ciwon ya yi nisa suke isa asibiti.

Idan babu likitan sauƙaƙa jinya, za a mayar da ita gida da takardar sallama, iyalinta su koma sayen ƙwayoyi a kemis ko a kasuwa ba tare da awo ba. Idan kuwa akwai shi, zai zauna da ita da mijinta, ya daidaita mata magani kafin ta bar Sakkwato, ya rubuta wa ma'aikacin lafiya na Rara bayanin yadda za a ci gaba, ya riƙa bibiya ta wayar hannu, a kuma shirya yadda za a riƙa karɓo magani kafin na hannu ya ƙare. Matar za ta yi sauran kwanakinta a ɗakinta, cikin 'ya'yanta, kamar yadda mafi yawan mutanenmu suke so.

Daga wannan misali za a fahimci cewa abin da ya dace da garuruwa irin su Rara da Wurno da Goronyo shi ne tsarin Yuganda na kai kulawa gida. Ba a rasa masu jinya ba a waɗannan garuruwa. Magani da jagorar ƙwararre aka rasa.

7.0 Matsalolin da ke Fuskantar Aikin

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2020 cewa kimanin mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar wannan kulawa kowace shekara, amma kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai suke samu. Mafi yawan mabuƙatan suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki. Wani rahoto da mujallar likitanci ta Lancet ta fitar a 2017 ya nuna cewa rabin mutanen duniya mafi talauci suna samun ƙasa da kashi 1 cikin 100 na mofin da dangoginsa da ake rabawa a duniya.

A yankinmu matsalolin sun haɗa da:

(a) Ƙarancin likitoci, musamman a karkara, da ƙaurar da yawansu zuwa ƙasashen waje.

(b) Wahalar samun mofin. Shaye-shayen kodin da tiramadol ya yi ƙamari a tsakanin matasa, har gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Tsaurara doka ya zama dole, amma yakan ƙara wa ma'aikatan lafiya tsoron rubuta maganin ga mai buƙata ta gaskiya.

(c) Talauci, domin mafi yawan iyalai daga aljihunsu suke biyan kuɗin asibiti.

(d) Rashin tsaro. Hare-haren 'yan bindiga da suka addabi gabashin Sakkwato tun wajen 2018 sun sa ziyartar marasa lafiya a ƙauyuka ta zama da haɗari.

(e) Nauyin zuciya a kan likitan kansa, wanda kusan kullum yake rabuwa da mutanen da ya saba da su. Shi ya sa ake koya wa ma'aikatan fannin su riƙa zama suna tattauna abin da ya dame su.

8.0 Matsayin Malamin Makaranta

Malamin Hausa yana da rawar takawa ta fuska uku. Da farko, shi ne mai jagorar yara wajen zaɓen sana'a, kuma yaron Rara ko Goronyo da ya zama likita ya fi kowa sanin abin da "da sauƙi" take ɓoyewa. Na biyu, fannin yana buƙatar kalmomi da fassara da littattafan wayar da kai cikin Hausa mai kyau, wannan kuwa aikin masana harshe ne. Na uku, a kowane aji ba a rasa yaron da ke jinyar mahaifi ko mahaifiya a gida. Malamin da ya fahimci nauyin jinya zai gane dalilin makararsa da gyangyaɗinsa, ya tallafe shi maimakon ya ɗauko bulala.

9.0 Kammalawa

A wannan babi an bayyana cewa sauƙaƙa jinya fanni ne na likitanci da ke kula da mai ciwo mai tsanani tare da iyalinsa. An kawo tarihinsa daga Landan zuwa Kampala da Ibadan, an nuna matakan zama likita a cikinsa, da ayyukan likitan na kashe raɗaɗi da iya magana da jagorantar masu jinya. An kuma ga cewa al'adar jinya ta Hausawa tushe ne mai ƙarfi da za a ɗora aikin a kai, muddin aka samar da magani da ƙwararru. Hausawa sun ce mutuwa rigar kowa. Wahalar da ke gabanta kuwa, da yawanta ana iya rage ta, kuma rage ta aiki ne da ake koyo.

Tambayoyin Auna Fahimta

1. Kawo ma'anar sauƙaƙa jinya, sannan ka bayyana dangantakarta da ma'anoni biyu na kalmar "jinya".
2. Yi taƙaitaccen bayani a kan gudummawar Cicely Saunders da Anne Merriman da Olaitan Soyannwo.
3. Lissafa matakan da ɗalibi zai bi ya zama likita a wannan fanni.
4. Me ya sa amsar "da sauƙi" ba ta wadatar da likita? Kawo tambayoyi uku da za su fi ta amfani.
5. Tattaro kalmomi goma na bayyana ciwo a karin harshen garinku, ka saka kowace a cikin jimla.